Fashin baƙi: Idan an ce kamfanin fasaha ya kai darajar dala biliyan ɗaya, ina kuɗin suke?

A watan Oktoban 2024 labari ya karaɗe kafafen sada zumunta cewa Moniepoint, kamfanin da shuɗiyar na'urarsa ta POS ta cika kasuwanninmu, ya samu sabon jari na dala miliyan 110, darajarsa kuma ta haura dala biliyan ɗaya. Nan da nan mutane suka kasu. Wasu suka ce to shi ke nan, kamfanin da ke da biliyan a ajiye ba zai taɓa gudu da kuɗin talaka ba. Wasu kuma suka ce akwai lauje cikin naɗi, ta yaya kamfanin da bai cika shekara 10 ba zai kamo bankunan da kakanninmu suka sani? Ko dai kuɗin sata ake wankewa, ko kuma wani sabon MMM ne, wato tsarin damfarar nan mai alƙawarin ninka kuɗi.

Duka ɓangarorin biyu ba su kama bakin zaren ba. Tambayoyin da ya kamata a yi su ne: mene ne wannan "daraja" da ake ta ambato? Su wa ke zuba waɗannan maƙudan daloli, kuma me suke jira a mayar musu? Sannan mai shayi da mai kayan miya da ke karɓar tiransifa kullum, ina abin ya shafe su?

Wane irin kamfani ake nufi?

Ba kowane sabon kasuwanci ne ake kira startup ba. Wanda ya buɗe shagon gyaran waya a Farm Centre sabon ɗan kasuwa ne, amma in yana son cinikinsa ya ninka sau goma, sai ya nemi shago goma da yara goma. Shi kuwa kamfanin fasaha mai tasowa an gina shi ne a kan wani lissafi dabam: a kashe kuɗi mai yawa sau ɗaya wajen ƙera manhaja, daga nan kowane sabon mai amfani da ita ba ya cin wani kuɗin kirki. Manhajar da ke yi wa mutum dubu hidima, da ɗan ƙari kaɗan za ta yi wa mutum miliyan. Wannan damar ta bunƙasa cikin gaggawa ita ce abin da ake saye, ita ce kuma ta sa ake yarda kamfani ya yi shekaru yana faɗuwa ba tare da an ce ya karye ba. Amazon da aka kafa a 1994 bai ga ribar cikakkiyar shekara ba sai 2003. Uber da aka kafa a 2009 sai a 2023 ayyukansa suka fitar da ribar shekara.

Idan irin wannan kamfani ya kai darajar dala biliyan ɗaya tun bai shiga kasuwar hannun jari ba, sai a yi masa laƙabi da unicorn. Wata mai zuba jari a Amurka, Aileen Lee, ita ta fito da laƙabin a 2013. A Najeriya waɗanda suka taɓa kai wannan matsayi sun haɗa da Jumia a 2016, da Interswitch a 2019 bayan Visa ya sayi kaso a cikinsa, da Flutterwave da OPay da Andela duk a 2021, sai Moniepoint. A Senegal akwai Wave. Idan mai karatu ya lura, mafi yawansu harkar biyan kuɗi suke yi.

Yadda ake fitar da darajar

A nan ne akasarin ruɗanin yake, don haka bari mu tsaya a kai.

A ce wasu matasa biyu sun ƙera manhaja, wani attajiri ya ba su naira miliyan 10 a kan ya mallaki kashi 10 cikin 100 na kamfanin. Tunda kashi 10 ya ci miliyan 10, sai a ce kamfanin gaba ɗaya ya kai miliyan 100. Washegari jarida za ta buga cewa kamfanin wane darajarsa naira miliyan 100. Amma kuɗin da ke asusunsu miliyan 10 ne kacal, kuma daga ranar za su fara zaizayewa: albashi, haya, man janareta, talla. Sauran miliyan 90 ɗin ba su wanzu a ko'ina ba sai a takarda.

Kamar mai fuloti 20 ne a bayan gari. Maƙwabcinsa ya sayar da guda ɗaya naira miliyan 5, sai shi ma ya buga lissafi ya ce yana da dukiyar miliyan 100. Ba ƙarya ya yi ba, amma ba zai iya shiga kasuwa da wannan lissafin ya auno masara ba. Kuma ranar da aka ce hanyar da ake sa ran za ta bi ta wurin an karkatar da ita, lissafin ya rushe ko da ƙasar tana nan yadda take.

Haka abin yake a dala. Da aka ce Flutterwave ya haura dala biliyan 3 a Fabrairun 2022, abin da ya karɓa a wannan zagayen na tara jari dala miliyan 250 ne. Da aka ce OPay ya kai biliyan 2 a Agustan 2021, dala miliyan 400 ne suka shigo, kamfanin SoftBank na Japan ne kuma ya jagoranci masu zubawa. Wani lokacin ma ba duka kuɗin ke shiga asusun kamfani ba, wani ɓangare yakan tafi aljihun tsofaffin masu hannun jari da suka sayar da kasonsu suka fita.

Sannan darajar tana hawa da sauka fiye da yadda mutum zai zata. Jumia ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a Afrilun 2019 ana sayar da hannu ɗaya dala 14.50. Cikin 'yan makonni ya haura dala 40. A Maris ɗin 2020 ya faɗo ƙasa da dala 3. A Fabrairun 2021 ya sake tashi ya wuce dala 60, daga baya ya sake rikitowa. Duk wannan hawa da gangara, kamfanin guda ne, babur ɗin kai saƙo guda ne. Abin da ya canza shi ne zaton mutane game da gobensa. A Amurka kuwa an taɓa yi wa WeWork, kamfanin bayar da hayar ofisoshi, kuɗi dala biliyan 47 a farkon 2019. A Nuwamban 2023 ya je kotu ya bayyana cewa ya karye.

Saboda haka daraja ba kuɗin da ke ajiye ba ce, ba ribar da aka ci ba ce, ba kuma shaidar cewa kamfani na da lafiya ba ce. Farashi ne da wasu masu kuɗi suka amince su biya a wata rana, bisa abin da suke hange.

Su wa ke zubawa, me kuma suke nema?

Masu wannan harka za mu iya kiransu masu jarin kasada. Akasarinsu ba kuɗinsu ba ne. Sukan tattaro ne daga asusun fansho da jami'o'i da attajirai da hukumomin raya ƙasashe na Turai da Amurka, da alƙawarin za su juya kuɗin su mayar cikin kimanin shekara 10. Ba bashi suke bayarwa ba. Kaso suke saye, in kamfani ya mutu kuɗinsu ya bi ruwa, babu wanda za su kama.

Sun san da haka tun farko. Sun san mafi yawan kamfanonin da suka zuba wa kuɗi za su mutu ko su tsaya cak. Lissafinsu shi ne guda ɗaya ko biyu su yi tashin da zai rufe asarar sauran har a samu riba mai kauri. Wannan ne ya sa ba su da sha'awar kamfanin da ke cin 'yar ribarsa a natse kowace shekara. Wanda zai ninka sau 50 suke nema, ko da hanyar can ɗin za ta iya kashe shi.

Kuma ba rabon ribar shekara suke jira ba. Hanyar fitarsu biyu ce: ko wani babban kamfani ya saye ƙaramin, ko a kai shi kasuwar hannun jari su sayar da kasonsu. Misalin da ya buɗe idon duniya a kan Najeriya shi ne Paystack, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015. A 2016 cibiyar Y Combinator ta Amurka ta ɗauke su, a ƙarshen shekarar suka tara jarin dala miliyan 1.3, a 2018 suka ƙara miliyan 8, a Oktoban 2020 kuma kamfanin Stripe ya saye su a kan kuɗin da rahotanni suka ce ya haura dala miliyan 200. Waɗanda suka shiga da wuri sun kwashi rabonsu. Shekarar da ta biyo baya kuɗi suka yi ta kwarara Legas kamar ba gobe.

Sai dai wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi wannan jari ya karɓi sharaɗin gudu. Kowane zagaye kason masu kamfani yana raguwa, masu jari suna samun kujera a hukumar gudanarwa, kuma galibi akwai sharaɗin cewa in an sayar da kamfanin su za a fara biya kafin waɗanda suka kafa shi su ga ko sisi. Ga masu tambaya ta fuskar addini, asalin tsarin na haɗa jari a raba riba da asara ya yi kusa da musharaka, amma irin waɗannan sharuɗɗa na fifita wani a kan wani su ne wurin da ya kamata malamai masana mu'amala su karanta yarjejeniya da kyau kafin su yi magana.

Dalilin garaɓasar farko

Duk wanda ya buɗe asusu a ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji a shekarun farko ya san daɗin da aka sha: tiransifa kyauta, rangwame a kan katin waya, tukuici in ka kawo wani, na'urar POS a farashin da bai kai kuɗin ƙera ta ba. Mutane da yawa sun ɗauka alheri ne, wasu kuma suka ce tarko ne. Gaskiyar ita ce kuɗin masu jari ake narkawa don a saye kasuwa. Ana so ka saba, abokin cinikinka ya saba, har ta kai ba za ka iya barin manhajar ba don kowa yana kanta.

OPay ya gwada wannan a fili. A 2019 ya cika titunan Legas da koren baburan ORide a farashin da ɗan acaɓa na gari ba zai iya gogayya da shi ba. Manufar ba acaɓa ba ce. So ake mutum ya sauke manhajar ya zuba kuɗi a ciki don ya biya kuɗin hawa. A Fabrairun 2020 gwamnatin Legas ta hana babura a manyan sassan birnin, annobar korona ta biyo baya, kafin tsakiyar shekara ta wuce kamfanin ya jingine harkar sufurin. Amma asusun da mutane suka buɗe suna nan, kuma su ne dama abin nema.

Abin da ya kammala musu aikin ba dabararsu ba ce, ƙarancin takardun kuɗi ne na farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sauya fasalin naira. Kowa ya tuna watannin nan: layi a bakin ATM tun asuba, manhajojin manyan bankuna suna ta juyi ba sa tafiya, a cire maka kuɗi mai kaya bai ga alat ba, ku tsaya cirko-cirko kuna kallon waya. A lokacin ne mai nama da mai lemo da mai adaidaita sahu suka yanko kwali suka rubuta lambar asusu da alƙalamin maka suka liƙa. Kusan duk lambobin na sababbin kamfanonin nan ne, saboda nasu ne ke shiga nan take. A ganina wannan shi ne babban abin yabon da suka cancanta, domin sun yi aiki a ranar da talaka ya fi bukata.

To ina suke samun kuɗi? Daga ɗan abin da ake cira a kowace mu'amala ta POS, da la'adar sayar da kati da data da biyan kuɗin wuta, da juya kuɗin da ke kwance a asusu, sannan uwa uba bayar da bashi. Kamfanin da ke ganin duk cinikin da mai shago ya yi a rana ya fi kowane manajan banki sanin nawa zai iya biya. Naira 20 ko 50 ba komai ba ce a wurin mutum ɗaya, amma in aka tara ta daga miliyoyin mu'amala kullum, ita ce ke zama biliyan ɗin da ake hange. A lura, naira 50 da aka fara cira a kan tiransifar naira 10,000 zuwa sama a waɗannan manhajoji daga Disamban 2024 harajin gwamnatin tarayya ne, ba ta kamfanonin ba ce, ko da yake mutane da yawa su suka zaga.

Da miya ta ƙare

Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A 2020 da 2021 kuɗin ruwa a Amurka kusan sifili ne, ajiye kuɗi a banki ba ya kawo komai, don haka masu dukiya suka bazama neman kasada har Afirka. Daga Maris ɗin 2022 babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa, zuwa Yulin 2023 ya haura kashi 5 cikin 100. Wanda zai samu wannan yana kwance a gida, me zai kai shi Yaba, unguwar kamfanonin fasaha a Legas? Alƙaluman kamfanin Partech sun nuna jarin da ya shigo kamfanonin fasaha na Afirka ya sauko daga dala biliyan 6.5 a 2022 zuwa biliyan 3.5 a 2023.

A Najeriya sai aka samu bugu na biyu. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta kai naira 1,500 har ta wuce. Mai jari dala ya kawo, dala kuma yake ƙirgawa. Kamfanin da ke samun naira biliyan 46 a shekara, a da dala miliyan 100 ke nan. Da sabon farashi bai fi miliyan 31 ba. Sai ya ninka cinikinsa fiye da sau uku kafin ya dawo inda yake a idon mai jari. Wannan lissafin ne ke bayan yawancin ƙarin caji da janye garaɓasa da sallamar ma'aikata da aka gani.

Waɗanda ba su da ƙashi a jiki suka faɗi. 54gene, mai binciken ƙwayoyin halitta, ya tara kimanin dala miliyan 45, ya rufe a 2023. Dash na Ghana ya tara fiye da miliyan 80, shi ma ya rufe a shekarar, bayan rahotanni sun ce an kumbura yawan masu amfani da shi. Sendy na Kenya ya bi su. Okra na Legas ya tsayar da aiki a 2025. Jumia bai mutu ba, amma ya rufe sashen kai abinci a ƙarshen 2023, ya kuma fice daga Afirka ta Kudu da Tunisiya a 2024. Duk waɗannan an taɓa buga hotunan masu su ana tafi.

Kuɗina fa, suna cikin aminci?

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar mai karatu, kuma amsarta ba ta da alaƙa da darajar biliyan. Abin dubawa shi ne lasisi. Moniepoint da Kuda sun yi rajista ne a matsayin ƙananan bankuna, OPay da PalmPay kuma a matsayin masu hada-hadar kuɗi ta waya, dukansu a ƙarƙashin sa idon Babban Bankin Najeriya, CBN. Idan mai lasisi ya durƙushe, hukumar inshorar ajiya ta NDIC ce ke biyan masu ajiya, amma da iyaka. Bisa ƙarin da hukumar ta yi a Mayun 2024, iyakar ita ce naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankuna, da miliyan 5 ga mai asusu a wurin masu hada-hada ta waya. Abin da ya haura haka sai an sayar da kadarorin kamfanin, wanda kan ɗauki lokaci. Masu ajiya a bankin Heritage, da aka soke lasisinsa a Yunin 2024, sun ga yadda wannan yake. Ɗan kasuwar da ke barin cinikin mako guda na miliyoyi a asusu ɗaya ya kamata ya san wannan iyakar.

Hukuma ma tana iya taka musu burki komai girmansu. A ƙarshen Afrilun 2024 CBN ya hana OPay da PalmPay da Kuda da Moniepoint buɗe sababbin asusu, saboda damuwa a kan yadda suke tantance masu buɗewa da kuma hada-hadar kuɗin intanet na kirifto, sai a Yuni aka ɗage.

Batun masu cewa duk MMM ne kuwa, bambancin a fili yake. Kamfanin fasaha na gaskiya hidima yake sayar maka, jarinsa kuma daga manyan masu kuɗi yake nema, waɗanda ke da lauyoyi da akantoci. Ba ya zuwa WhatsApp ya ce ka kawo dubu 50 ta zama dubu 100 a wata guda. Duk wanda ya yi maka wannan alƙawari, ko da ya ambaci ƙirƙirarriyar basira da kirifto da ofis a Landan, kuɗin na baya yake biyan na gaba da su. Haka MMM ya yi har ya tsaya a Disamban 2016, haka CBEX ya yi har ya rufe da dukiyar mutane a Afrilun 2025. Abin takaici, labaran biliyoyin nan na gaskiya su 'yan damfara ke fakewa da su.

Masu yabo da masu suka

Masu yabo suna da hujja mai ƙarfi. Ƙauyen da banki bai taɓa tunanin buɗe reshe ba, yau akwai yaro a ƙarƙashin lema da na'ura da 'yar jaka, yana cire wa mutane kuɗi yana tura musu. Dubban matasa da wannan suke ci da kansu. Kuma asarar gwajin da aka yi kafin a kai nan, masu jarin waje ne suka ɗauka, ba baitulmali ba.

Masu suka kuma suna tambayar wa ya mallaki abin. Da yawa daga cikin kamfanonin da muke kira namu, uwar kamfanin a jihar Delaware ta Amurka aka yi mata rajista, saboda masu jari sun fi yarda da kotunan can. OPay ya samo asali ne daga kamfanin Opera, wanda 'yan China ke da rinjaye a cikinsa. Ma'ana, cajin da ake tara daga Sabon Gari da Kasuwar Barci, in ya zama riba, kaso mai yawa waje zai tafi, da dala. Ga kuma bayanan mutane: wa ka tura wa kuɗi, nawa, yaushe. An ga munin wannan a manhajojin bashi da ke kwashe lambobin wayar mutum su tura wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cin mutunci. Sai da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ta ci tarar wani kamfanin bashi naira miliyan 10 a 2021, hukumar kare masu saye ta FCCPC ta fito da ƙa'idoji a 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotuna a 2023, kafin abin ya ɗan lafa.

Ni dai ina ganin sukar mallaka gaskiya ce, amma ba a kan baƙi ya kamata a sauke ta ba. Lokacin da waɗannan matasa ke yawo da kwamfuta a jaka suna neman wanda zai ba su jarin farko, masu kuɗinmu suna nan.

Ina Arewa a wannan lissafi?

Arewa kasuwa ce babba ga kamfanonin nan, kuma nan ne sauran aikin yake. Binciken da EFInA, ƙungiyar da ke nazarin yadda mutane ke samun hidimar kuɗi, ta yi a 2023 ya nuna kashi 26 cikin 100 na manyan Najeriya ba sa mu'amala da kowace irin cibiyar kuɗi, amma a Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 47. Wato mu ne kwastomomin da ake hange a cikin waccan daraja ta biliyan. A wajen mallaka kuwa, da ƙyar ake jin ɗuriyarmu. Kuɗin da ke shigowa Afirka akasari Najeriya da Kenya da Masar da Afirka ta Kudu suke tafiya, na Najeriya kuma kusan duka a Legas suke sauka.

Ba wai babu masu yunƙuri ba. Akwai CoLab a Kaduna, da nHub a Jos, da Startup Kano da Blue Sapphire a Kano, da CIPMEN a Yamai, duk suna horar da matasa. ThriveAgric da Babban Gona suna aiki da manoman Arewa kai tsaye, suna ba su iri da taki su kuma sayi amfanin gona. Ta fuskar doka ma an yi motsi: a Oktoban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kamfanonin fasaha masu tasowa, lokacin Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa. Dokar ta tanadi shaida ta musamman daga NITDA ga kamfanin da ke da rajista, bai wuce shekara 10 ba, kuma aƙalla kashi ɗaya cikin uku na hannun jarinsa na 'yan Najeriyar da suka kafa shi ne. Ta kuma tanadi sassaucin haraji da asusun tallafi na aƙalla naira biliyan 10 a shekara. Tanadi a takarda daban, kuɗi a hannun yaron da ke Gusau daban.

Abin da ke damuna shi ne yadda wasu matasanmu suka ɗauki samun jari a matsayin shi ne nasarar. Za ka ga yaro mai basira ya kwashe shekara biyu yana yawon gasa da taro, yana gyara jawabin da zai burge Bature, alhali ko mutum 50 ba su taɓa biyansa kuɗin abin da ya ƙera ba. Moniepoint da ake ta magana, da sunan TeamApt ya fara a 2015, Tosin Eniolorunda da Felix Ike suna rubuta wa bankuna manhaja ana biyansu, sai bayan shekaru suka karɓi jarin waje mai kauri. Ciniki ne ya jawo jari.

Kuma da yawa daga cikin matsalolin da ke gabanmu ba irin waɗanda jarin kasada ke so ba ne. Manhajar da za ta haɗa mai hatsi a Dawanau da mai mota, ko ta riƙe wa ɗan Kantin Kwari lissafin bashin da yaransa na ƙauye suka ɗauka, ko ta sanar da mai tumatir a Kadawa farashin Legas kafin ya loda kwando, tana iya ciyar da ma'aikata 30 ta kuma kawo riba mai kyau da naira, ba tare da ta taɓa kusantar dala biliyan ba. Mai jari daga California ba zai kalle ta ba, don ba za ta ninka sau 50 ba. Wanda ya dace da ita shi ne alhajin da ya san kasuwar, wanda zai iya ware naira miliyan 20 daga kuɗin da zai sayi wani filin, ya karɓi kaso a rubuce gaban lauya da shaidu, ya kuma buɗe wa yaran ƙofar abokan cinikinsa su fara gwaji da su.